Jirgi ya tsaya cak: yadda za ka karanta jinkirin layin dogo kafin ya cinye maka yini

Matsalar da ta tsayar da jirgin ƙasa da jinkirin da take haifarwa ba tare suke ƙarewa ba. Ana iya kawar da matsala cikin minti goma da hantsi, amma har azahar mutane na shan wuyarta. Wanda bai san haka ba shi ne za ka ji yana ɗaga wa ma'aikacin tasha murya yana cewa, "Ba kun ce an gyara ba?" To an gyara ɗin, ba ƙarya aka yi masa ba. Abin da ya rage shi ne maido da jirage kan tsarinsu, wannan kuwa shi ne mai cin lokaci.

A Agege nake zaune, aikin lantarki nake yi, aikin kuma kan kai ni Yaba, wani lokaci har Marina. Kafin haka na yi zaman karatu a Landan, garin da aka fara buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a duniya a shekarar 1863, inda jirgin shi ne ƙafar talaka da mai kuɗi. A can na koyi sauraron sanarwar tasha da kunnen basira. Mu a Legas ba mu da jirgin da ke bi ta rami. Layin Blue Line da ya fara ɗaukar fasinja ranar 4 ga Satumba 2023, daga Marina zuwa Mile 2, wani sashe nasa bisa gada yake. Red Line kuma, wanda ya fara ranar 15 ga Oktoba 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, a doron ƙasa yake tafiya. Amma yadda jinkiri ke yaɗuwa ɗaya ne, ko a rami ko a gada, kuma mutanenmu da yawa, daga masu goro na Agege har 'yan canjin Broad Street, yanzu ne suke fara sabawa da irin wannan jirgi.

Fara da gane tazara

Kowa a garin nan ya san abin da ke biyo baya idan tirela ta mutu a Ikorodu Road: a zo a janye ta, gosulo ya ƙi warwarewa har tsawon awa. Sai dai a titi danfo, wato ƙaramar bas ta haya, kan kutsa ta gefe, ya hau inda ba nasa ba, ya fice. Jirgi ba shi da gefe. Duk wanda ke bayan wanda ya tsaya, dole ya tsaya.

An yayyanka layin dogo yanki-yanki, kowane yanki da siginar da ke tsaron bakinsa, kuma doka ita ce jirgi ɗaya tak a yanki ɗaya. Muddin akwai jirgi a ciki, siginar da ke bayansa ja ce. A sababbin layuka kwamfuta ce ke lissafa nisan da za a bari tsakanin jirgi da jirgi, amma hikimar ba ta canza ba, domin ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, ko an taka burki sai ya ja nisa kafin ya tsaya.

Yanzu ga lissafi mai sauƙi. Layin Victoria na Landan kan tura jirgi 36 a awa ɗaya a lokacin cunkoso, wato jirgi ɗaya duk daƙiƙa 100. Idan guda ya maƙale na minti goma, jirage shida sun jeru a bayansa ke nan, wasu a tasha, wasu cikin duhun rami. Yawancin mutane nan tunaninsu ke tsayawa, alhali babbar ɓarnar a gaba take. A duk tashoshin da ke gaban jirgin da ya maƙale, mutanen da ya kamata jirage shida su kwashe suna tsaye suna jiran guda ɗaya. In ya iso, a cike ya iso. Tsayuwar da aka tsara ta rabin minti sai ta koma minti ɗaya ko biyu, don masu sauka ba su da hanya, masu hawa na turereniya, ƙofa ta ƙi rufuwa saboda jakar wani ko kafaɗar wani. Kowace tasha ya bari, ya ƙara makara, kowace ƙarin makara kuma ta ƙara tara masa mutane a tasha ta gaba. Su kuwa na bayansa suna rarrafe, suna cin karo da jan danja, wasu da kujeru babu kowa.

Daga nan sai abin ya tsallaka ɗaya hannun. Jirgin da ya isa ƙarshen layi a makare, a makare zai juyo, sai mai tafiya arewa ya sha wahalar abin da ya faru da masu tafiya kudu. Ga kuma direbobi. Direban jirgi yana da iyakar awoyin da doka ta yarda ya yi tuƙi, da lokacin hutunsa, da tashar da zai miƙa wa wani. Idan tsari ya rikice, sai ka ga jirgi lafiyayye a tsaye babu mai jansa, direban da zai karɓe shi yana can ƙarshen gari cikin wani jirgin da ya maƙale. A ganina wannan ne dalilin da ya fi kowanne sa jinkirin safe ya kai rana, kuma shi ne fasinja ba ya gani da idonsa.

Ƙarshen layi ma yana da amfanin da ba kowa ke lura da shi ba. A nan ake ba jirgi 'yan mintoci na numfasawa, ta yadda idan ya zo a makare zai iya tashi a kan lokaci. Layin Circle na Landan a da zagaye kawai yake yi, ba farko ba ƙarshe, don haka jinkirin da ya kama shi da safe sai ya yi ta kewaya gari da shi. A watan Disamba 2009 aka warware zoben, aka miƙa layin zuwa Hammersmith, ya sami inda zai tsaya ya daidaita. Layin Circle ɗin kuma a kan dogo ɗaya yake tafiya da layin District a wani sashe, da layukan Metropolitan da Hammersmith & City a wani sashen, shi ya sa sigina ɗaya ke lalacewa a wuri ɗaya layuka uku ko huɗu su rikice.

Wannan batu na tarayya ya shafe mu kai tsaye. Red Line a kan hanyar dogon Legas zuwa Ibadan yake tafiya, wadda aka buɗe a 2021, tare da jiragen Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya. Wani dattijo maƙwabcina mai harkar goro ya taɓa tare ni da tambaya: "Injiniya, jirgi lafiyarsa ƙalau, hanya a buɗe ina ganinta da idona, me zai hana shi tafiya?" Na ce masa, "Baba Alhaji, hanyar da kake gani a buɗe mai yiwuwa an riga an ba wani ita." Inda jirage iri biyu ke tarayya a hanya, makarar na Ibadan na iya zama makararka kai mai zuwa Oyingbo.

Saurari dalilin, shi ne agogonka

Idan an yi sanarwa, kada ka tsaya kan ban haƙurin. Dalilin da aka ambata za ka kama, don kowane dalili da tsawon lokacinsa.

Ƙofa ta ƙi rufuwa, ko fasinja bai da lafiya: waɗannan galibi gajeru ne. Ka zauna inda kake. Idan ƙofar ta ƙi gyaruwa ana iya sauke kowa a janye jirgin, amma hanya za ta buɗe.

Matsalar sigina ita ce wadda nake so ka ji tsoro in kana sauri. An ƙera sigina ne ta yadda duk abin da ya lalace a jikinta, waya ce ta tsinke ko ruwa ne ya shiga, ja za ta nuna, ko da babu jirgi a gaba. Daidai ne a yi haka, gara a tsayar da mutane a banza da a haɗa jirgi biyu. Amma sakamakonsa shi ne kowane direba sai ya tsaya, ya nemi izini daga ɗakin masu kula da zirga-zirga, sannan ya wuce a hankali kamar mai tafiya a ƙafa. Layin bai mutu ba, jirage na motsi, shi ya sa take yaudarar mutane su yi ta jira. Hanyar da ke wuce jirgi talatin a awa sai ta koma wuce kaɗan daga cikinsu, kuma haka za a yi ta yi har masu gyara su gano inda cutar take. Da ka ji an ce sigina, fara tunanin wata hanya.

Idan aka ce mutum ya shiga kan layi, a layin lantarki sai an kashe wutar yankin gaba ɗaya, duk jirgin da ke ciki ya tsaya. Blue Line da lantarki yake tafiya, wutar kuma a ƙasa take, a jikin wani ƙarfe na uku da ke bin gefen dogon. A matsayina na mai aikin wuta ina gaya maka, ko wayarka ce ta faɗa, ko hularka, kada ka sauka. Kira ma'aikaci. Idan kuwa jirgi ya buge mutum ne, Allah ya kiyaye, to magana ta koma hannun 'yan sanda da masu agajin gaggawa, ka ɗauka awa ɗaya ko fiye.

Hayaƙi ko ƙaurin ƙuna, a jirgin rami ba a wasa da su. Tun gobarar tashar King's Cross ta ranar 18 ga Nuwamba 1987, wadda ta ci rai 31, ko ƙaramin rahoto aka samu a Landan ana iya fitar da kowa daga tasha, jirage su riƙa wucewa ba tsayawa. Sau da yawa ba a samun komai, a buɗe nan da nan, amma taron da aka kora waje ya riga ya kwarara zuwa tashoshin maƙwabta.

Mu kuma muna da namu dalilin wanda jirgin rami bai san shi ba: mahaɗar titi da dogo, da masu baza kaya a bakin layi. Ranar 9 ga Maris 2023 jirgi ya yi karo da motar ma'aikatan gwamnatin jiha a mahaɗar PWD da ke Ikeja, aka rasa rayuka. Irin wannan ne ya sa aka giggina gadojin sama a Ikeja da Mushin da Yaba da Oyingbo. Duk da haka wanda ya san Agege da Oshodi ya san yadda mutane ke ratsa dogo kamar tsakar gidansu. Mota ɗaya ta mutu a kan layi, ko tireda ɗaya ya wuce iyaka, ya isa ya tsayar da jirgi mai ɗauke da ɗaruruwan mutane.

Kana kan dakalin tasha

Tambaya biyu za ka yi wa ma'aikaci, cikin ladabi: a ina abin ya faru, kuma jirage na motsi ko sun tsaya gaba ɗaya? Kada ka tambaye shi yaushe za a gyara, shi ma sanarwa yake jira kamar kai, in ka matsa masa zai faɗa maka abin da zai raba ku lafiya ne kawai. Idan matsalar tana tsakaninka da inda za ka, shawara ta kama ka. Idan tana bayanka, jiragen da suka riga suka wuce wurin za su iso, daga nan sai dogon shiru. To ka yi ƙoƙari ka shiga ɗaya daga cikinsu.

A layi mai jirage da yawa, bayan dogon jira, kada ka yi kokawar shiga jirgin farko. Shi ne ya kwashi taron dukan tashoshi, shi ne zai fi daɗewa a kowace tasha, na biyu da na uku kuma suna manne da shi. Sau tari minti biyu ne tsakaninsu, ka shiga ka zauna. Amma ka lura, wannan shawarar ta Landan ce da Alƙahira, wadda ta buɗe nata jirgin a 1987, da makamantansu. A Legas jiragen ba su kai wannan yawan ba. Da aka fara Red Line sawu kaɗan ne safe da yamma, ko da aka ƙara, tazarar ba ta minti biyu ba ce. A nan, idan akwai wurin tsayuwa a wanda ya zo, shiga. Inda jirgi ya yi ƙaranci ba a cika samun jerin gwano a baya ba, sai dai sawu ɗaya da aka soke ya fi ciwo nesa ba kusa ba. Don haka ka riƙa duba jadawalin da LAMATA, hukumar sufurin Legas, ke fitarwa, ka san lokacin jirgi na gaba kafin ka bar wanda ke gabanka ya tafi.

Matsa zuwa ƙarshen dakali. Mutane na taruwa ne a bakin matakala, taragun da ke daidai nan su ke fara cika. Kuma don Allah kada ka sa hannu ko ƙafa ka tare ƙofa don abokinka da ke gudu a baya. Daƙiƙa goman da ka ci ba taka ba ce kai kaɗai, kuma ƙofar da aka yi ta dannewa ita ce gobe za ta ƙi rufuwa.

Kana cikin jirgi

Wani lokaci jirginka zai tsaya a tasha, ƙofa a buɗe, babu abin da ya same shi, a ce ana daidaita tazara. Ba wulaƙanci ba ne. Jirgin bayanka ne ya makara, ana riƙe naka don ya rage masa mutane, kada giɓin ya ƙara faɗi. Haka nan ana iya cewa jirgin nan ba zai kai ƙarshe ba, kowa ya sauka. Juya shi za a yi ya je ya cike giɓin ɗaya hannun. Yana da zafi in kai aka sauke, amma da haka layi ke warkewa. Kuma idan an daɗe da ku a tasha ƙofa a buɗe, wannan ita ce damarka ta fita in kana da niyya. Masu kula da layi sun fi son riƙe jirgi a tasha maimakon tsakanin tashoshi, saboda da zarar an rufe ƙofa an shiga rami, ko an hau gadar da ta ratsa ruwa tsakanin Marina da National Theatre, ba ka da zaɓi kuma.

Idan kun maƙale a tsakani, zauna. Kada ka taɓa ƙofa, kada ka bi zugar masu cewa a ɓalle a sauka. Mutum ɗaya ya taka dogo, dole a kashe wuta a tsayar da komai har a tabbatar babu kowa a kai, jiran minti ashirin ya koma na awa biyu.

Idan wani ya faɗi ko jiri ya ɗebe shi, abin da ake koya wa mutane a Landan shi ne a jira a isa tasha sannan a ja ƙararrawar gaggawa, a taimaka masa ya sauka in zai iya. Taimako a tasha yake, a cikin rami babu likita, babu iska. Kai ma idan ka ji jikinka ba daidai ba, sauka a tasha ta gaba ka nemi ma'aikaci. Da azumi, ko ranar da ka fito ba ka karya ba, ka yi hattara da tsayuwa cikin cunkoso. In ba azumi kake ba, gorar ruwa a jaka ba ta da nauyi.

San ƙofar fitarka tun daga gida

Shawarar a jira ko a fita ba a cikin fushi ake yanke ta ba. Ni ka'idata ita ce: na san tsawon lokacin da ɗaya hanyar za ta ci. Idan mota za ta ɗauke ni awa ɗaya da rabi inda jirgi ke ɗaukar rabin awa, to ko jiran minti arba'in riba ce. A Legas, da safe ko da yamma, titi kan fi jirgin da ya makara muni, mutane kuwa kan fice da zuciya su je su zauna a gosulo suna kallon jirgin da suka bari yana wucewa. Sigina da buge mutum da mota a kan dogo, su ne ke sa ni fita. Sauran, ina jira. Idan kuwa za ka fita, fita da wuri, kafin dukan tashar ta yanke shawara ɗaya kuɗin danfo ya ninka.

Mai bin Red Line yana da sa'a ta wani gefen, don hanyar BRT, wato manyan bas-bas masu layinsu daban a titi, ta Oshodi zuwa Abule Egba, wadda aka buɗe a 2020, tana bin titin Abeokuta kusa da dogon, ta Ikeja Along da Mangoro da Dopemu. Daga babbar tashar Oshodi kuma babu inda ba a samun mota. Wanda ya maƙale a Yaba ko Mushin na iya faɗawa Ikorodu Road ya kama BRT mai zuwa tsibirin Ikko. Mai bin Blue Line, tashoshinsa biyar ne, Marina da National Theatre da Iganmu da Alaba da Mile 2, daga Iganmu zuwa Mile 2 kuma titin Badagry na gefensa. Katin Cowry ɗin da ka shiga jirgi da shi, shi ne dai na BRT, don haka kada ka bar shi da kuɗin sawu ɗaya cif. Ranar da aka samu matsala layin masu loda kati kan fi na masu shiga mota tsawo. Ka ajiye 'yan canji a aljihu saboda danfo.

Acaba kuma kada ka sa shi cikin lissafi. Tun watan Yuni 2022 gwamnatin jiha ta hana shi a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Lagos Mainland da Lagos Island da Apapa, a watan Satumba na shekarar aka ƙara da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu da Kosofe. Kusan duk tashoshin da ke tsakiyar Red Line a cikin waɗannan ƙananan hukumomi suke, kuma dokar ba ta bar fasinja ba.

Wanda tafiya ta kai Landan, ya riƙe wannan: idan jirgin rami ya makarar da kai minti 15 ko fiye saboda dalilin da ke hannun hukumar sufurin garin, kana iya neman a maido maka kuɗin sawun ta intanet cikin kwana 28. Allon tasha kuma kan bambanta ƙaramin jinkiri da babba da rufe wani sashe na layi, kuma ko bayan an ce jirage sun dawo, allon kan ci gaba da nuna babban jinkiri na wani lokaci.

Idan kana da abin da ba ya jira, jirgin sama a Ikeja, ko jirgin Ibadan daga tashar Mobolaji Johnson a Ebute Metta, ko ɗaurin aure bayan Juma'a, kada ka hau jirgin da zai kai ka daidai. Hau wanda ke gabansa. Ranar da ka ji an sami matsala da safe kuma, ko da kai da la'asar za ka fita, ka leƙa shafin LAMATA ko ka kira wani da ke kusa da tasha kafin ka rufe shago, don jiragen da direbobin da aka tarwatsa da safe ba lallai ne sun gama komawa mazauninsu ba.